FILIN SANI DA AIKI: Akwatin kallo da saurare da ƙauye ke haɗa ma kansa

Filin wannan wata ya tsaya kan wani ƙaramin akwati. Akwati ne da ƴan ƙauye ke iya haɗawa da hannunsu, su zuba sinima da murya a cikinsa, su taru su kalla. Ba ya shan mai, ba ya neman kuran na birni, kuma ba ya jiran rezo.

Dattawa za su ce wannan ba baƙon abu ba ne, kuma suna da gaskiya. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar masu sauraren rediyo a Nijar. Mutanen gari su kan taru gindin rediyo guda, su saurara, su yi muhawara. Mai kula da taron ya ɗauki maganarsu, a kai ta Yamai, a sa ta a gidan rediyo. A 1964 aka fara koyar da yara ta tele a waɗansu makarantu, daga baya har akwai teloli masu cin wuta daga hasken rana. Amma a wancan zamani abin da Yamai ta aiko shi ake ji, kuma a sa'ar da ta aiko shi. Wanda ya makara a gona ya yi asara. Wanda bai gane ba, ba ya da halin cewa a maimaita. Ga Diffa kuma nesa da Yamai, fiye da kilomita 1,300.

Mutanen Komadugu sun san abin da nisa ke jawowa. Bayan harin da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, an kafa dokar ta-ɓaci. An hana hawan babur. An hana cinikin tattasai, sai a 2017 aka ɗage hanin. Ƙauyuka da yawa na bakin kogi sun tashi sun koma bakin kwalta. A 2019 kogin ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje. Cikin irin waɗannan shekaru malamin gona ba ya iya kai ma kowane ƙauye ziyara. Manomi ya ga ganyen tattasainsa ya nannaɗe, babu wanda zai tambaya sai mai saida magani a kasuwa. Shi kuwa mai saida magani, abin da ke gabansa kwalba ta fita.

To akwatin da ake magana malami ne wanda ke kwana a gari. A tambaye shi sau goma, ya maimaita sau goma, ba ya fushi.

ME KE CIKIN AKWATIN?

Zuciyarsa wata ƴar kwamfuta ce mai suna Raspberry Pi. Girmanta bai wuce katin shaidar ɗan ƙasa ba. A Ingila aka ƙirƙiro ta don yara su koyi aikin kwamfuta, aka fara saida ta a 2012 kan dalar Amurka 35, wajen jika 18 ke nan na kuɗin sefa a lokacin. Tana da ƙanne: lamba 3 ta fito a 2016, lamba 4 a 2019, lamba 5 a 2023. Don aikin kallo a ƙauye, lamba 3 ko 4 ta isa. Wanda ya nace sai lamba 5 ya ƙara kuɗi ne kawai, ya ƙara cin wuta.

Amma kwamfuta ƙarfe ce da waya. Sai an zuba mata umurni kafin ta san abin yi, kamar yadda injin ban-ruwa ba ya tashi sai da mai. Babban umurnin da ke tafiyar da komi a cikinta, shi ake ce ma tsarin aiki. Nan ne maganar ta ke, kuma ya kamata mai karatu ya yi karatun nan a hankali.

Tsarin aiki iri biyu ne. Akwai na kamfani, wanda ke kulle. Ana sayen izinin aiki da shi, ba a ganin cikinsa, kuma wanda ya kwafa ya ba maƙwabci ba da izini ba ya taka doka. Akwai kuma buɗaɗɗe. A ce an kawo injin ban-ruwa biyu kasuwar Diffa. Na fari an like murfinsa da walda, in ya tsaya sai a koma wurin mai shi. Na biyu murfinsa na buɗewa, an haɗo shi da takardar da ke nuna kowane ƙarfe da wurin zamansa, kowane makanike na iya gyara shi. Ba sai an gaya ma manomin tattasai wanda zai ɗauka ba.

Buɗaɗɗen tsarin da ya fi suna shi ne Linux. Wani ɗalibi ne a ƙasar Finlanda, Linus Torvalds, ya fara rubuta shi a 1991. Kafin shi, tun 1983, wani Ba'amurke Richard Stallman ya fara kiran a riƙa rubuta umurnin kwamfuta wanda kowa ke da ikon dubawa, ya gyara, ya raba. Dubban mutane a duniya sun sa hannu a aikin. Sharaɗinsa guda ne mai nauyi: wanda ya ɗauka ya ƙara gyara, in zai raba ma jama'a, dole ya raba har da asirin gyaran. Ba ya da ikon maida murfi ya like.

Makiyaya sun san wani abu mai kama da haka, wato habbanaye. Mutum ya ba ɗan'uwansa aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴa, ya maida uwa. Shi ma wata rana ya yi ma wani. Bambanci guda: mai ba da saniya garkensa ya ragu har ta dawo, mai ba da Linux kuwa ko ya ba mutum dubu nasa na nan cur.

Kuma mutane da dama na yawo da Linux cikin aljihu ba su sani ba. Wayar hannu mai Android, wadda ta fara fitowa a 2008, bisa Linux aka gina ta.

Bisa Linux ɗin sai a ɗora mai kunna sinima da murya. Sunansa Kodi. Shi ma buɗaɗɗe ne, masu aikin sa-kai ke kula da shi, a 2014 ya samu wannan suna. Waɗansu mutane kuma sun haɗa Linux ɗan kaɗan tare da Kodi wuri guda, suka sa ma haɗin suna LibreELEC, tun 2016. Shi ya fi dacewa da ƙauye, don da an kunna akwati Kodi ke fitowa, babu wani lungu da yaro zai shiga ya ɓata.

YADDA AKE HAƊAWA

Sau ɗaya tak ake bukatar rezo. Wani mai kwamfuta a birni, ko ɗalibi daga jami'ar Diffa, ya sauko da LibreELEC daga intanet. Kyauta ne. Ya lura ya ɗauki na lambar ƴar kwamfutar da aka saya, don na lamba 4 ba ya tashi a lamba 3. Sai ya rubuta shi a katin ajiya, irin ƙaramin nan da ake sa ma waya, wanda ake ce ma kart memwar. Mai giga 8 ya isa. Zuba shi a kati kamar yadda ake zuba waƙa ba ya yi. Akwai ɗan abin aiki na musamman da ke rubuta shi, shi ma kyauta ake samun sa wuri guda.

Daga nan sauran aikin bai fi ɗaura ma jaki mangala wuya ba. A tura kati cikin raminsa. A ja wayar da ake kira HDMI daga ƴar kwamfuta zuwa tele. A ba ta wuta. Ran fari ta kan ɗan jima, ta mutu ta sake tashi da kanta, kada a tsorata. Za ta yi tambaya kan harshe da rezo. Maganar rezo a wuce ta. Teloli da yawa, telekomand ɗinsu na iya tuƙa Kodi ta cikin wayar nan. In bai yi ba, a nemi allon rubutu na kwamfuta ko na hannu ne a jona.

Sinima da murya ba a cikin wannan kati ake ajiye su ba. A sa su a kile, wato ƴar ma'ajiyar nan mai kama da ɗan yatsa. Da an soka ta, Kodi ya gan ta. Giga awo ne kamar tiya. Kile mai giga 32 na ɗaukar wajen awa 1,000 na magana zalla, ko kuwa gajerun sinima na minti 15 kusan 300 in ba a cika masu nauyi ba. Ƙauye ba ya ƙare wannan cikin shekara.

Wuta ita ce ke kada mutane. Ƴar kwamfutar volt 5 take ci, batir kuwa volt 12 ne. Wanda ya jona ta kai tsaye ya ƙone ta nan take, kuɗin ƙungiya sun tafi. Dole a sa mai rage wuta a tsakani, irin cajar da direbobi ke sokawa cikin mota, amma mai ƙarfi, mai ampa 3. In caja ko wayarta ba ta da kyau, ƴar fitila ja da ke jikin kwamfuta ta riƙa ɗaukewa, hoto ya riƙa tsayawa. Sau da yawa ana zagin akwati alhali laifin waya ne ta dala ɗari.

Ga lissafi, masu ajin ƙidaya su gwada a allo. Ƴar kwamfuta wat 5. Ƙaramar tele mai aiki da batir wat 25. Lasifika wat 10. Duka wat 40. Kallon awa 2 ya ci 80. Batir mai volt 12 da ampa 40 na riƙe 480, amma rabi kaɗai ya kamata a ci in ana so ya yi rai, wato 240. Ke nan kallon dare 3 ko da hazo ya rufe rana. Pano mai wat 50 na maida abin da aka ci cikin yini guda, har da saura. A sa regilatar tsakanin pano da batir, kada a yi rowar kuɗinsa.

Inda aka samu tsohuwar kwamfuta ta hannu da wani ofishi ya yar, ita ma tana yi. A zuba mata Ubuntu, wani Linux ne da wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004. Sunan da harshen can yana nufin mutuntaka. A ƙara mata VLC, mai kunna sinima da ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Paris suka fara, aka buɗe shi ma kowa a 2001. Alamarsa irin ƴar hular nan ce mai ruwan lemo da fari da ake kafawa bisa hanya in ana aiki. Ana sa shi a waya ma. Sai dai tsohuwar kwamfuta ta fi cin wuta.

ABIN DA ZA A ZUBA CIKI

Rumbu ko ya yi kyau, in babu hatsi ciki ɗakin ɓera ne. Akwati ma haka.

Akwai abin zubawa. Wata ƙungiya mai suna Access Agriculture, da aka kafa a 2012, na da sinimar noma da kiwo da aka juya cikin harsuna masu yawa, har da Hausa, kuma ana saukowa da su kyauta. Ƙungiyar ɗakunan manoma ta Nijar, RECA, na shirya bayanan murya cikin harsunan ƙasa kan ƙwari da taki da magani. Ga kuma shirye-shiryen rediyon karkara, irin waɗanda suka fara da na Bankilare a 1999. A roƙi ma'aikatan gidan rediyo su kwafa ma ƙungiya nasu, musamman na Barbarci da Fillanci, don a bakin Komadugu tsofaffi da mata da yawa sun fi jin abu da harshen gida.

Amma wanda ya fi duka shi ne wanda mutanen wuri suka ɗauka da kansu. An gwada wannan a jihar Maraɗi a 2015, tare da ƙungiyar Digital Green da ta faro daga Indiya. Mutanen ƙauye ne suka fito cikin gajerun sinima da Hausa kan shayar da jariri da wanke hannu da abincin yara, aka riƙa nuna su a ƙauyukan maƙwabta. Dalilin a fili yake. Manomi ya ga baƙo cikin gona mai tarakta, sai ya ce wannan ba irin tasa ba ce. Ya ga mutumin Geskeru ko Shetimari, da irin rigarsa, da irin injinsa, yana nuna yadda yake tsara rassan tattasai ko yadda yake shanya shi bisa wuri mai tsabta, sai ya gyara zama. Wayar hannu ta isa ɗaukar wannan. A tsaya kusa da mai magana, a ba iska baya, kada a wuce minti 10.

Ga masu koyon karatu akwai riba ta musamman. Sunayen da ke fitowa a tele, mai akwati ne ke rubuta su. A rubuta TATTASAI, SHINKAFA, KIFI, DABBOBI, LAFIYA. Wanda ke riƙe da telekomand sai ya karanta kafin ya zaɓa, kuma a riƙa ba kowa yana riƙewa, har mata. Bayan haka Kodi na iya nuna rubutu ƙarƙashin hoto. Rubutun nan ƴar takarda ce ta kwamfuta da malamin yaƙi da jahilci ke iya bugawa: daga daƙiƙa kaza zuwa kaza, ga abin da mutumin ya ce. Kunne na jin kalma, ido na ganin ta. A Indiya wani malami, Brij Kothari, ya sa an yi haka ƙarƙashin waƙoƙin tele, don waɗanda suka fara karatu kada su manta. Aikin na cin lokaci, sinimar minti 10 na iya cinye ma malami yini. Amma sau ɗaya ake yi, ajujuwa 50 su kwafa.

Wani lokaci haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su kan fito kamar ƴan akwatuna. Ba lalacewa ba ce. Zanen haruffan da ke ciki ne bai san su ba. Akwai wani zane mai suna Andika da aka yi musamman don masu koyon karatu, yana da su duka, shi ma kyauta ne. Mai haɗa akwati ya sa shi tun a birni.

Makiyayi ba ya ɗaukar tele zuwa mashekari, amma ba a bar shi baya ba. Ƙananan rediyo masu cin kati sun cika kasuwa. Kafin garke ya yi arewa wajen Gurti da damina, a kwafa masa murya a katinsa: alamun ciwon huhu na shanu, amfanin allurar rigakafi, yadda ake ba da maganin tsutsa daidai nauyin dabba. Ya saurara a bakin rijiya, ya ba na gaba.

WA KE RIƘE DA MABUƊI?

Nan sai an yi magana ba ɓoye-ɓoye. Akwati ba ya zaɓe. Abin da aka ba shi, shi yake faɗi. Mutanen Diffa ba su manta ba, wa'azin da ya jawo bala'in nan ta kaset da faifai da katin waya ya riƙa ƙetaro kogi, shekaru kafin a ji ƙarar bindiga. Ƙungiyar da ta bar kilenta na yawo hannun kowa, wata rana za ta ga abin da ba ta zuba ba, kuma ita za a tambaya.

Saboda haka kada akwati ya zama na mutum guda, kada kuma ya zama marar mai shi. A naɗa mutum 3, cikinsu da mace. Duk abin da za a zuba, su fara gani. A buɗe littafi: sunan sinima, wanda ya kawo, ranar da aka zuba. Rubuta littafin nan kansa aikin aji ne. A sanar da bulama ko lawan ko arɗo ranar kallo da wurin kallo, kuma a bi dokar hukuma kan taro da fitar dare. In dare bai yiwu ba, a yi da la'asar cikin ɗakin aji, a rufe taga.

Mai ɗaukar hoto kada ya juya wayarsa wajen soja, ko shingen bincike, ko gada. Kada ya ɗauki mutum sai ya yarda, matar aure kuwa sai an bi ta hanyar gidanta. Sinimar wasa ta Kano da waƙoƙin mawaƙa, a sani cewa kyautar Linux ba ta shafe su ba, guminsu ne, suna da masu su. Kuma in an sa wasa kafin darasi, rabin taro zai watse da wasan ya ƙare. Darasi a gaba.

Katin da aka kai wurin masu zuba waƙa a kasuwa ya kan dawo da cutar kwamfuta mai ɓoye abin da ke ciki. Yawancin irin wannan cuta don Windows aka yi ta, ba ta tashi a Linux. Amma kile na iya ɗaukar ta ya kai ma kwamfutar wani. A ware kile guda na akwati, kada ya je kasuwa.

Abokan gaba na kullum su ne zafi da ƙura da gaggawa. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40 a Diffa, ƴar kwamfuta ta kan rage gudu don ta tsare kanta. Kada a kulle ta cikin gwangwani marar ƙofa, kada a aza ta bisa tele. Akwatin katako mai ƴan ramuka ya fi, a lulluɓe shi da zane in an gama. Lokacin hunturu a share pano kowace safiya. In kallo ya ƙare a kashe ta daga cikin Kodi, a jira ƴar fitila tsanwa ta daina ƙiftawa, sa'an nan a cire wuta. Fizge waya tana cikin aiki na iya ɓata kati. Don haka tun ran fari a rubuta kati 2 iri ɗaya, a ajiye guda wurin ma'ajin ƙungiya cikin ambulan. In agogon da ke jikin tele ya nuna ranar da ba ita ba, kada a damu, lamba 3 da 4 ba su da batirin riƙe lokaci.

Wata mai zuwa filin zai duba batir: yadda ake gane sabo da wanda aka wanke aka yi ma fenti, da abin da ke kashe shi kafin ya shekara.